GARAƁASAR MILIYOYI DA RABON HUKUMA

Duk wanda ya saki babbar hanyar Kubwa ya kama hanyar Bwari, to, ba makawa sai ya ratsa ta Dutsen Alhaji. Gari ne na ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda yawancinsu tsadar haya ce ta koro su daga tsakiyar Abuja. Da asuba za a ga motoci suna kwasar jama'a zuwa wuraren aiki, da almuru kuma su dawo da su a gajiye. A bakin titi da cikin lunguna, tsakanin mai shayi da mai facin taya, ba a rasa ɗan shagon da samari ke cincirindo a ciki, kowa da guntuwar takarda a hannu, idonsa a kan allon talabijin, yana jiran ƙwallo ta shiga raga. A bangon banki kuwa ga hoton sabuwar mota, an rubuta cewa duk wanda ya ajiye kaza a asusunsa zai shiga reful. Haka kamfanonin waya da na lemo da na siminti, kowa da irin tasa garaɓasar.

A irin waɗannan wurare hira ɗaya ce ake maimaitawa, watau abin da mutum zai yi in Allah ya kashe ya ba shi. Wannan ya ce fili zai saya, wancan ya ce aure zai ƙara, wani kuma ya ce mahaifiyarsa zai kai Makka. Amma da wuya a ji wanda zai ce sai ya fara ware rabon hukuma tukuna. Alhali kuwa dokar ƙasar nan, kamar yadda take tun daga ran 1 ga watan Janairu na shekarar 2026, ta ambaci kyautar gasa da kuɗin da aka ci a fili cikin jerin abubuwan da ake biya wa haraji. Wanda bai san wannan ba yana iya wayar gari da bashin gwamnati a wuyansa bayan kuɗin sun ƙare.

LABARIN MUTUMIN DA YA CI DALA MILIYAN ƊAYA

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Babu labarin da ya fi dacewa a fara da shi a wannan batu kamar na wani Ba'amurke mai suna Richard Hatch, mutumin Jihar Rhode Island.

A shekarar 2000 gidan talabijin na CBS ya shirya wata gasa mai suna Survivor. Aka ɗebi mutum 16 aka kai su wani tsibiri da ke gaɓar Borneo a ƙasar Malesiya, aka bar su su nemi abinci da makwanci da kansu, suna kuma fitar da junansu ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a. Bayan kwana 39 Hatch ne ya rage. Ya tashi da dala miliyan ɗaya da sabuwar mota. A daren da aka nuna ƙarshen gasar, cikin watan Agusta na wannan shekara, mutane wajen miliyan 50 ne suka zuba ido suna kallo.

To, a Amurka kowane baligi mai samun kuɗi shi ne ke cika takarda a kowace shekara ya bayyana wa hukumar haraji, wadda ake kira IRS, abin da ya samu. Shaidun da aka gabatar a kotu daga baya sun nuna cewa akantoci sun shirya wa Hatch takardun da suka haɗa da kuɗin gasar, waɗanda suka nuna ana binsa ɗaruruwan dubban daloli, amma bai aika da su ba. Sai ya nemi a yi masa wani lissafin na gwaji, wanda ba a sa kuɗin gasar a ciki ba, don wai ya ga yadda abin zai kasance. Wannan takarda ta gwaji ita ya aika wa hukuma, kuma bisa ga abin da ke cikinta gwamnati ce ma za ta mayar masa da rarar kusan dala 4,500. Har ila yau bai bayyana fiye da dala 300,000 da ya samu wajen gabatar da shiri a wani gidan rediyo na birnin Boston ba, haka kuma kuɗin hayar wani gida nasa.

Da magana ta kai kotun tarayya da ke Providence, Hatch ya kare kansa da cewa shi a zatonsa masu shirya gasar ne za su biya harajin. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su karɓi wannan hanzari ba. A watan Janairu na 2006 suka same shi da laifin zille wa haraji, ko da yake sun wanke shi daga tuhumar zamba. A watan Mayu alƙali Ernest Torres ya ɗaure shi wata 51, watau shekara huɗu da wata uku, ya kuwa tsananta hukuncin ne don ya tabbata a ransa cewa mutumin ya yi ƙarya a gaban shari'a. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Ya fito a 2009, amma da ya ƙi gyara takardun harajin nasa kamar yadda kotu ta umurta, sai aka sake mayar da shi kurkuku na wata tara a 2011. A lokacin nan, saboda tara da kuɗin ruwa da suka yi ta hauhawa, abin da hukuma ke cewa tana binsa ya zarce dala miliyan ɗayan da ya ci tun farko.

Abin mamaki a nan shi ne yadda mutum zai yi tunanin ɓoye dukiyar da aka miƙa masa a gaban idon mutum miliyan 50. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ko shahararren ɗan ta'addan nan na Chicago, Al Capone, wanda hukuma ta daɗe tana nema ta rasa mai ba da shaida a kan manyan laifuffukansa, da igiyar haraji aka ɗaure shi shekara 11 a 1931.

YADDA ABIN YA ISO GIDA

Manyan kyaututtuka ba baƙin abu ba ne a Nijeriya. A 2009 wani mutum mai suna Aroma Ufodike ya amsa dukkan tambayoyin gasar kacici-kacicin nan ta talabijin da Frank Edoho ke gabatarwa, ya ci Naira miliyan 10. A 2016 marubucin nan ɗan Jos, Abubakar Adam Ibrahim, ya lashe gasar adabi ta kamfanin gas na NLNG, wadda kyautarta dala 100,000 ce. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, wanda ya kamo kifi mai nauyin kilo 78 ya tashi da motoci da kujerun Hajji da miliyoyin Naira. Zakarun musabaƙar Alƙur'ani mai girma su ma sukan sami motoci da kuɗi daga gwamnatoci da masu hannu da shuni.

Amma ranar da maganar haraji ta fito fili ita ce bayan gasar Big Brother Naija ta 2020. Ran 27 ga watan Satumba wani matashin mawaƙi mai suna Olamilekan Agbeleshe, wanda aka fi sani da Laycon, ya zama zakara, da kyautar da aka ƙiyasta ta kai Naira miliyan 85. Miliyan 30 ne kawai tsabar kuɗi a ciki. Sauran gida ne da mota da tafiye-tafiye da kayayyaki. Ana cikin shagali sai hukumar tara haraji ta Jihar Legas ta aika masa da saƙon taya murna ta Twitter, ta kuma ƙara da cewa tana sa ran ganinsa a 2021 in ya zo sauke nauyin harajinsa. Wasu suka yi dariya, wasu suka fusata suka ce gwamnati ba ta san da yaron ba sai da ya sami abin hannu.

Lauyoyi da akantoci kuwa sai suka rabu biyu. Dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta lissafa ribar ciniki da albashi da kuɗin haya da rabon hannun jari da makamantansu, sa'an nan ta rufe da wata jimla mai faɗi wadda ta haɗa duk wata riba ko samu da bai faɗa cikin waɗancan ba. Wani ɓangare ya ce wannan jimla ta kama kyautar gasa. Ɗaya ɓangaren ya ce kyauta tsintuwa ce wadda ba ta maimaituwa, saboda haka ba za a kira ta kuɗin shiga ba. Ana cikin wannan ja-in-ja kyautar gasar ta yi ta ƙaruwa: Naira miliyan 90 a 2021, miliyan 100 a 2022, miliyan 120 a 2023.

DOKA TA RABA GARDAMA

Mataki biyu aka ɗauka wajen toshe wannan kafa. Na farko shi ne ƙa'idojin cire haraji tun daga tushe, waɗanda Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fitar a 2024 suka kuma fara aiki ran 1 ga watan Janairu na 2025. Waɗannan ƙa'idoji sun ɗora wa mai biyan kyauta alhakin cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin ƙasar nan ya ci a reful ko caca ko gasar talabijin, ya miƙa wa hukuma kafin ya ba mai rabo sauran. In wanda ya ci ba mazaunin Nijeriya ba ne, kashi 15 ake cirewa. An yi sassauci ga gasar da aka shirya don ƙarfafa ilimi ko kimiyya ko fasaha ko koyon sana'a, inda aka ce ba sai an yi wannan cirewa ba.

Mataki na biyu, wanda ya fi girma, shi ne sababbin dokokin haraji guda huɗu da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga watan Yuni na 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya shugabanta da kuma doguwar muhawara a Majalisar Tarayya, wadda gwamnonin Arewa suka sa baki ƙwarai a cikinta. Babbar dokar daga cikinsu ta soke ta 1993, ta kuma kira kyautar gasa da kuɗin da aka ci da lambar yabo mai ɗauke da kuɗi da sunansu cikin abubuwan da haraji ke hawa kansu. Gardamar da aka yi a kan Laycon ta zo ƙarshe ke nan.

Sabuwar dokar ta tsara haraji hawa-hawa bisa ga abin da mutum ya samu a shekara. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu ko kwabo. Naira miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana karɓar kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, sa'an nan duk abin da ya haura miliyan 50 ana karɓar kashi 25.

LISSAFI A SAUƘAƘE

Don mai karatu ya ga yadda abin yake, a ƙaddara wani mai shagon tireda a kasuwar Dutsen Alhaji ya ci Naira miliyan 20 a reful ɗin banki. A ƙaddara kuma, don sauƙin lissafi, ba a haɗa da ribar shagonsa ko wani rangwame ba. Banki zai cire kashi 5, watau Naira miliyan ɗaya, ya zuba masa miliyan 19 a asusu. A nan ne mutane da yawa za su yi kuskure, su ɗauka an gama. Amma asalin ƙa'idar wannan cirewa ga mazaunin ƙasa ita ce kafin alƙalami ne. Sai an yi lissafin shekara sa'an nan a san ko akwai ciko.

Ga yadda lissafin zai tafi. Dubu 800 na farko ba komai. Kashi 15 na miliyan 2 da dubu 200 ya kama Naira 330,000. Kashi 18 na miliyan 9 ya kama Naira 1,620,000. An lissafa miliyan 12 ke nan, saura miliyan 8, waɗanda kashi 21 nasu ya kama Naira 1,680,000. Jimla Naira 3,630,000. In aka ɗebe miliyan ɗayan da banki ya riga ya cire, saura Naira 2,630,000 a wuyan mai shago. Wanda kuwa ya ci miliyan 100, irin wannan lissafi zai kai harajinsa Naira 22,930,000, alhali abin da aka cire masa ranar biya miliyan 5 ne kacal.

To, ina wannan mai shago zai sami miliyan biyu da rabi da ɗoriya in ya riga ya sayi fili, ya yi biki, ya kuma raba wa dangi da abokai da maroƙa? Kowa ya san halin da mai sabon arziki kan shiga a ƙasar Hausa. Kafin mako ya zagayo, 'yan uwan da bai taɓa gani ba sun cika masa zaure, kuma kunya ba za ta bar shi ya sallami kowa hannu rabbana ba. Hukuma kuwa ba ta lissafi da abin da ya rage a hannu, da abin da aka karɓa take yi.

Kyautar kaya ma ta fi ta kuɗi wuyar sha'ani, domin darajar kayan ake dubawa, haraji kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. A 2004 shahararriyar mai shirin talabijin ɗin nan ta Amurka, Oprah Winfrey, ta raba sababbin motoci 276 ga mutanen da suka halarci shirinta. Aka yi ta kururuwa da kukan murna. Daga baya aka sanar da su cewa kowace mota kuɗin shiga ce a idon doka, harajin wasunsu kuma zai kai dala dubu shida ko bakwai. Zaɓi uku ya rage musu: su nemo kuɗin su biya, ko su sayar da motar su biya daga ciki, ko su haƙura da ita. Ɗan achaɓan da ya ci motar miliyan 30 a garaɓasar kamfani yana iya samun kansa a irin wannan tsaka mai wuya.

WACE HUKUMA CE KE KARƁA?

Harajin mutum yana zuwa ne ga jihar da yake zaune, ba jihar da aka haife shi ko inda aka yi gasar ba. Bakatsinen da ke zaune a Dutsen Alhaji, ko da a Legas ya je ya ci gasa, hukumar tara haraji ta Birnin Tarayya, wadda ake kira FCT-IRS, ita ce mai haƙƙi a kansa. An kafa wannan hukuma da dokar 2015, ta kuma karɓi aikin daga hannun hukumar tarayya ta FIRS a 2018. Ita FIRS ɗin ma sabuwar doka ta sake mata suna, ta koma Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Nijeriya, watau NRS. Kowane mutum yana da har zuwa ran 31 ga watan Maris ya miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mazauna Abuja. Ran 22 ga watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce sha'anin reful da caca hurumin jihohi ne, saboda haka dokar reful ta ƙasa ta 2005 ba ta da ƙarfi sai a Birnin Tarayya kaɗai, inda Majalisar Tarayya ke tsayawa a matsayin majalisar jiha. Jihohin da ke bin shari'ar Musulunci suna da ikon hana abin ɗungum, kamar yadda Hisba ta riƙa rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024. A Dutsen Alhaji kuwa, da ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bwari, shagunan suna nan a buɗe.

Malamai ba su da saɓani a kan haramcin caca, kuma asarar da take jawo wa iyalai ba ɓoyayya ba ce. Sai dai dokar haraji ba ta tambayar halaccin kuɗi, samuwarsu kawai take tambaya. Haka nan wanda ya ci kyautar halal, kamar ta rubutu ko ta wasanni, ya kuma fitar da zakka, ya sauke haƙƙin Allah, amma dokar ƙasa ba ta ɗauke masa nata ba saboda haka.

TSOHUWAR GABA TSAKANIN TALAKA DA HARAJI

Ba za a fahimci dalilin da ya sa mutumin Arewa ke jin kalmar haraji gabansa ya faɗi ba sai an waiwaya baya. Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi. Da Lugga ya ci ƙasar sai ya tattara su ƙarƙashin dokarsa ta 1906, aka kakkafa baitulmali a masarautu, aka ɗora wa hakimi da dagaci da mai unguwa nauyin tarawa. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda ake shanya magidanci a rana, yadda ake sayar da akuya ko hatsin shuka don a sami takardar haraji, da yadda wasu kan bar gari da dare su tafi cin rani don gudun wulaƙanci. Wannan ne ya sa jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami karɓuwa a wurin talakawa, kuma da jam'iyyar PRP ta ci zaɓe a 1979, gwamnoninta biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali tun farkon hawansu.

Sa'an nan kuma kuɗin man fetur suka zo suka sa gwamnatoci sakaci da tara haraji. A 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake riƙon ƙasa, ya ƙaddamar da wani shiri na afuwa mai suna VAIDS, wanda ya ba masu ɓoye dukiya damar su bayyana kansu su biya ba tare da an gurfanar da su ba. A wurin ya bayyana cewa mutum 214 ne kawai a duk faɗin Nijeriya ke biyan harajin da ya kai Naira miliyan 20 a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Wannan adadi ya nuna cewa zille wa haraji ya fi yawa a tsakanin manya, kuma ƙaramin ma'aikacin da ake yanke masa tun kafin albashi ya iso hannunsa shi ne ke ɗauke da kayan.

Bambancin harajin da da na yanzu a bayyane yake. Wancan kan mutum ake ƙirgawa, ko yana da shi ko ba shi da shi. Wannan kuwa samu ake dubawa, wanda bai kai Naira 800,000 a shekara ba an ɗauke masa. Duk da haka ƙorafin mazaunin Dutsen Alhaji yana da tushe. Hukumar FCT-IRS ta ba da sanarwar tara fiye da Naira biliyan 250 a 2024, amma a 2025 malaman makarantun firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan albashi, yara suna zaune a gida. Mutumin da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, alhali madatsar ruwa ta Usuma tana maƙwabtaka da shi, yana da damar ya tambayi inda kuɗin ke tafiya. Sai dai wannan tambaya a bakin mai rasit ta fi ƙarfi, kuma alƙali ba zai karɓe ta a matsayin hujjar ƙin biya ba.

YADDA WASU ƘASASHE SUKE YI

Kowace ƙasa da yadda take ɗaukar wannan al'amari. A Amurka ana cire kashi 24 daga babbar kyautar reful tun kafin a biya, kuma harajin tarayya kan kai kashi 37 ga mai babban samu, ban da na jihohi. Har 'yan wasan da suka ciyo lambar Olamfik ana karɓar haraji a kan kyautarsu, sai a 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta ɗauke wa waɗanda samunsu bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. A Ingila ba a taɓa abin da mutum ya ci a reful ko caca. Tun 2001 aka mayar da nauyin kan ribar kamfanonin. Ghana ta sa harajin kashi 10 a kan abin da aka ci a 2023, matasa suka yi ta ƙorafi har abin ya shiga yaƙin neman zaɓe, gwamnatin John Mahama kuma ta soke shi a 2025.

HATTARA DA 'YAN DAMFARA

Ya kamata a ja kunnen jama'a game da wata tsohuwar dabara ta macuta, wadda sabuwar doka za ta iya ƙara wa kasuwa. Saƙo zai shigo wayar mutum cewa ya ci miliyoyi a gasar da bai taɓa shiga ba, amma sai ya fara tura kuɗin haraji zuwa wani asusu kafin a sakar masa kyautar. Wannan damfara ce tsagwaronta. Harajin gaskiya, ko dai mai biyan kyauta ya cire shi daga cikin kyautar, ko kuwa mai rabo ya biya da kansa a asusun hukuma bayan kuɗin sun shiga hannunsa, a ba shi rasit. Babu jami'in haraji na gaskiya da zai nemi a tura masa kuɗi a asusunsa na kansa.

ABIN DA YA KAMATA MAI RABO YA YI

Da farko, ya nemi takarda daga masu gasar wadda ta nuna adadin kyautar, da abin da aka cire, da hukumar da aka miƙa wa. Da wannan takarda ce za a rage masa abin da aka riga aka biya. Kada ya dogara da maganar baki cewa kamfani zai ɗauki nauyin haraji. Abin da ya kai Hatch ya baro ke nan. In an yi alkawari, a rubuta shi.

Na biyu, ya ware wajen kashi ɗaya bisa huɗu na kyautar ya ajiye a wani asusu dabam, kada ya taɓa har sai an gama lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ya je ofishin haraji ko wurin ƙwararren akanta tun kafin watan Maris, ya faɗi gaskiyar duk abin da ya samu. Doka ta ba da hanyoyin rage nauyi na halal, kamar abin da aka zuba a asusun fansho, da inshorar lafiya, da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayar gida har zuwa Naira 500,000. Cin moriyar waɗannan ba laifi ba ne. Laifi shi ne ɓoye samu ko rubuta ƙarya, wanda hukuncinsa tara ne ko ɗauri. Ko jinkirin miƙa takarda kaɗai yana jawo tarar Naira 100,000 a watan farko, da Naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya.

Zamanin da mutum zai binne kuɗi a tukunya ya ce ba wanda ya sani yana ƙarewa. Kyauta ta banki take bi, asusu yana haɗe da lambar BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN, masu gasa kuma su da kansu ke yayata hoton zakara riƙe da ƙaton cek a jaridu da talabijin don tallar hajarsu. Wannan hoto da dangi za su rataye a bango, ma'aikacin haraji ma yana ganinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.